Gwajin ciwon zuciya: Kasuwar da ke jiran masu zuba jari a Nguru da Gashuwa

A garuruwan Nguru da Gashuwa da ƙauyukan ƙasar Bade an daɗe ana kokawa da ciwon ƙoda. Yawansa ne ya sa gwamnatin Yobe ta ɗora wa cibiyar binciken kimiyyar lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda aka buɗe a 2021, aikin gano musabbabinsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ciwon ƙoda da ciwon zuciya tafiyarsu ɗaya. Likitoci sun tabbatar da cewa da yawa daga cikin masu fama da ƙoda, zuciya ce ke kai su kushewa tun kafin su kai ga wankin ƙoda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne da matsakaita. Gano ciwon da wuri kan raba mutum da wannan ƙaddara, kuma a nan ne gwajin jini ya shigo.

Idan tsokar zuciya ta ji rauni, kamar lokacin da jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, takan saki wani sinadari mai suna troponin cikin jini. Yakan fara hauhawa cikin sa'o'i kaɗan, don haka da shi ake tabbatar da bugun zuciya. Idan kuwa zuciyar ta gaji ne ta kasa tura jini, takan fitar da wani sinadarin da ake kira BNP, wanda masana a Japan suka gano a 1988. Shi ke taimaka wa likita ya bambance haki na zuciya da na huhu.

A da sai babban asibiti ke iya waɗannan gwaje-gwaje. Yanzu akwai ƙananan na'urori da ake ɗorawa bisa tebur, su ba da sakamako cikin kusan minti 20 daga ɗan jini kaɗan.

Masu buƙatarsu a arewacin Yobe ba kaɗan ba ne. Akwai masu hawan jini, wanda shi ne babban sanadin gazawar zuciya a Najeriya. Akwai masu jego da zuciya kan kumbura musu bayan haihuwa, lalurar da aka fara nazarinta sosai a Zariya cikin shekarun 1970, kuma Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Sannan ga masu ciwon ƙoda.

Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da asibitin ƙwararru na Gashuwa su ne madogarar yankin, amma mutumin Machina ko Yusufari ko Jakusko sai ya biya kuɗin mota, ya bar gona ko kasuwa, kafin a ɗebi jininsa. Duk wanda ya rage masa wannan tafiya ya samu abokin ciniki.

Hanyoyin shiga harkar sun kasu. Ta farko ita ce buɗe ɗakin gwaji mai zaman kansa, ko haɗa gwiwa da asibiti: kamfani ya ajiye na'ura, asibiti ya riƙa sayen sinadaran gwaji a wurinsa. Ta biyu ita ce dillancin sinadaran, domin yawancinsu na buƙatar sanyi tsakanin maki 2 zuwa 8, a yankin da zafi kan haura maki 40 a watan Afrilu da Mayu. Wannan ya buɗe ƙofa ga masu haɗa firiji da wutar sola. Ta uku ita ce gyaran na'urori da jigilar jini a kan babur daga ƙananan asibitoci, aikin da ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa za su iya koya su ci abinci da shi.

Manufofin gwamnati ma sun karkata ga wannan fanni. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya ɗauke harajin shigo da kaya da na VAT daga wasu injuna da kayan da ake sarrafa magunguna da kayan gwaji da su, na tsawon shekara biyu, don ƙarfafa yin su a cikin gida.

Sai dai kasuwar ba ta gaggawar riba ba ce. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci yake fitowa, kuma sinadaran gwaji suna da ranar lalacewa. Wanda ya dogara da troponin kaɗai zai iya zubar da jarinsa a kwandon shara. Abin da zai riƙe ɗakin gwaji kullum shi ne awon hawan jini, sukari, kitsen jini, aikin ƙoda da na'urar ECG. Tsarin inshorar lafiya na jihar Yobe ma wata kafa ce ta samun masu biya a kai a kai.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi yankin kai tsaye: troponin da BNP kan zauna a sama a jinin mai ciwon ƙoda ko da zuciyarsa ba ta buga ba. Saboda haka likita kan maimaita gwajin bayan 'yan sa'o'i, ya duba ko adadin na hawa, ya haɗa da ECG da abin da ya gani a jikin majiyyaci. Sayar da sakamako ba tare da likita ba na iya jefa iyali cikin firgici da asarar dukiya.

Doka ta tanadi cewa ɗakin gwaji ya samu rajistar Majalisar Kula da Kimiyyar Ɗakunan Gwaji ta Najeriya, kayan aikinsa kuma su samu amincewar hukumar NAFDAC. Mai jarin da ya cika waɗannan sharuɗɗa, ya tsayar da farashin da manomi da masunci za su iya biya, shi ne zai daɗe a wannan kasuwa.