Dikoda Ɗaya, Ɗaki Huɗu: Abin da Mai Sayar da Kayan Talabijin Zai Sani

 

Mun ga ya kamata mu yi bayani a kan wata haja da ke yawan komowa hannun mai ita. Maigida zai zo rumfa ya ce yana da dikoda ɗaya a falo, yana son hoto tangaran da sauti su kai turakarsa, da ɗakin uwargida, da na amarya, da na baƙi. Sai a miƙa masa akwati ba a tambaye shi komai ba. Kwana uku sai ga shi da kaya a leda, rai a ɓace. Riba ta tafi, la'adar dillali ta tafi, amana kuma ta taɓu.

To, jama'a, tambayar farko ita ce: kallo ɗaya za a yi a ɗakunan, ko kowa da nasa? In kallo ɗaya ne, akwatin rabawa ya isa, wanda muke kira sifilita. Ƙofa ɗaya ta shiga, biyu ko huɗu ko takwas na fita. Abin da ke falo shi ke ko'ina. In maigida ya juya zuwa labarai, uwargida ma labarai za ta kalla, ko tana so ko ba ta so. A faɗa masa haka tun a rumfa. In kuwa kowane ɗaki da zaɓinsa, sai akwatin zaɓe, wanda masu haɗi ke ce wa matiris, mai ƙofa huɗu ta shiga huɗu ta fita, ko takwas da takwas. Kuɗinsa ya ninka na sifilita, kuma shi ma ba ya haifar da tasha. Dikoda ɗaya tasha ɗaya take bayarwa a lokaci guda. Mai son kallo iri uku sai ya tanadi na'ura uku da za a jona.

Tambaya ta biyu nisa. Wayar HDMI, wadda aka fito da ƙa'idarta a 2002, ita ke ɗauko hoto da sauti tare. Amma ta jan ƙarfe in ta wuce mita 10 zuwa 15, hoto ya soma ƙyaftawa ko ya ɗauke ɗungum. Gidajenmu kuwa da faɗi, daga falo zuwa cikin gida tafiya ce. Maganin wannan shi ne ƙananan akwatuna biyu, mai aikawa da mai karɓa, a haɗa tsakaninsu da wayar kwamfuta ta Cat6. Masu araha galibi mita 50 ko 60 aka rubuta a kwalinsu. Masu tsarin HDBaseT, wanda kamfanonin LG da Samsung da Sony Pictures da Valens suka kafa wa ƙungiya a 2010, suna kai mita 100, kuma waya ɗayar nan tana ɗaukar hoto da sauti da umarnin rimot. A duba a ga akwai ɗan idon rimot a cikin kwalin, don na ɗaki ya iya canza tasha ba sai ya taso falo ba.

Ga inda ake yawan cutuwa: waya. Kwalin Cat6 mita 305 ne. Akwai ta jan ƙarfe zalla, akwai ta alminiyum da aka shafe da jan ƙarfe, an rubuta CCA a jikinta. A ido duk ɗaya ne. A kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana, to shafe ce. Ta fi sauƙin kuɗi, amma saurin karyewa gare ta, kuma ba ta kai hoto nesa. Wanda ya sayar da ita da sunan zalla ya ci haram, ya kuma kori mai saye. Araha ba ta ado.

Sai a lura da lambar kaya. HDMI 1.4 ta 2009 ta isa hoton 1080. Mai talabijin 4K da ke son cikakken hoto sai 2.0 ta 2013 ko sama. Akwai kuma makullin hana satar fim da ake kira HDCP. Kayan 4K suna neman 2.2, in sifilita ba ta da shi sai allo ya yi baƙi ƙirin, mai saye ya ce kayanka ne matacce. Haka nan in an haɗa sabuwar talabijin da tsohuwa a sifilita ɗaya, yawanci hoton zai sauko daidai ƙarfin tsohuwar, sai dai in akwatin na da mai rage wa kowace ƙofa nata.

Gidan da aka riga aka ja wa tsohuwar wayar eriya, ba sai an fasa bango ba. Akwai akwatin da ke mai da HDMI ya zama tasha ta DVB-T, a zuba cikin wayar, kowace talabijin mai kama tashar dijital ta nemo ta. Wanda ke kan gini kuwa, a ba shi shawara ya binne bututun waya kafin filasta, ya raba hanyarta da ta wutar lantarki, ya kuma sa abin kare kaya daga bugun wuta.

Saboda haka, 'yan'uwa, a tambaya kafin a yanka farashi: ɗaki nawa, mita nawa, kallo iri nawa, talabijin wace iri. A jona a gwada a gaban mai saye, a rubuta masa rasit da lambar kaya. Masu saro kaya daga Alaba ta Legas su gwada can kafin a ɗaure.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kiyashe mu da algus. Haza wassalam.