Man zafi da maganin tsinka jini

Ka tsaya minti goma a wani kemis a Kakuri ko Makera a Kaduna da yamma, da wuya ba ka ga dattijo ya shigo yana dafe da gwiwa ba. Wataƙila yana cikin waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a tsaye gaban injin saƙa, tun masaƙun unguwar na aiki dare da rana. "Ba ni man zafi mai ƙarfi," zai ce. Yaron kemis ya tambaya, "Baba, na kwalba ko na matsawa?" Ba wanda zai tambayi Baba abin da yake sha a gida. Alhali a aljihunsa akwai ledar asibiti: maganin tsinka jini, wato warfarin ko ƙaramin asfirin mai miligiram 75, da maganin hawan jini, da na sa fitsari.

A wurinmu magani shi ne abin da aka haɗiye, sai kuma allura. Abin shafawa ɗan'uwan basilin ne. To fata tana sha, kuma abin da ta sha yana isa cikin jini.

Man ciwon gaɓɓai da aka fi gani a kasuwa iri biyu ne. Akwai mai diclofenac, irin su Voltaren. Wanda ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne, wajen kashi 6 cikin 100 na abin da ƙwayar za ta kai. Shi ya sa likita ya fi son mai ciwon gwiwa ya shafa da ya haɗiya, musamman tunda a 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada masu raunin zuciya da waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki su sha ƙwayar diclofenac. Amma wannan lissafi na wanda ya shafa ɗan daidai ne a gaɓa ɗaya. Wanda ya laɓta a gwiwa biyu da kwankwaso da kafaɗa, safe da rana da dare, wata da watanni, ya bar wannan lissafin a baya.

Na biyun shi ya fi ba ni tsoro, don shi aka fi rainawa: man zafi mai ƙamshin nan da ke kan tagar kowane ɗaki. Da yawansu, har da Deep Heat, suna ɗauke da methyl salicylate, dangin asfirin ne. Ƙaramin cokali ɗaya na tsantsar mansa ya kai ƙwayar asfirin ta manya 20. Yana ƙara wa warfarin ƙarfi, jini ya tsinke fiye da yadda likita ya nufa. A 1990 likitoci a Hong Kong sun ba da rahoton masu shan warfarin da awon jininsu ya haura bayan sun yawaita shafa irin wannan man, wasu har da zubar jini. Awon nan da ake kira INR, galibi tsakanin 2 da 3 ake so ya tsaya. Mai shan warfarin ya juya kwalbar Robb ko Aboniki ko kowane iri ne ke hannunsa, ya karanta abin da aka haɗa a ciki, ko ya sa jika ya karanta masa.

Yadda muke shafawar ma yana ƙara abin. A gasa wurin da ruwan zafi, a murza man da ƙarfi, a ɗaure da tsumma, a shige bargo. Zafi da rufi suna buɗe wa maganin hanya, haka ma fatar da hunturu ya tsattsaga ko mai gyambo. Wani kuma bayan man sai ya kira wanzami a yi masa ƙaho. Mai jinin da aka tsinka da gangan ba shi ba tsaga.

Sai ƙoda. Lisinopril na hawan jini da Lasix mai sa fitsari, idan suka haɗu da dangin diclofenac, ukun suna rage jinin da ke ratsa ƙoda, kuma maganin ciwon yana sa jiki riƙe gishiri da ruwa. Da ƙwaya aka fi ganin haka, amma mutanenmu sukan haɗa biyun: a shafa, sannan a kora da ibuprofen ko haɗin nan na 'yan talla da ba a san abin da ke ciki ba.

Farasitamol ya fi sauƙi ga mai shan waɗannan magunguna, ko da yake shan sa kullum da yawa shi ma yana taɓa awon warfarin. Idan dasashi ya fara jini wajen asuwaki, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ko fata ta yi tabo baƙi ba tare da an buge ba, a daina shafawa a je a yi awo. Bayan gida baƙi kamar kwalta, jini a fitsari, ƙafa ta kumbura da haki, waɗannan ba sa jiran ranar ganin likita. Ga asibitin Gwamna Awan da St. Gerard's nan kusa, ba sai an haye gada ba. Kada kuma a yanke warfarin da kai don a samu damar shafa mai, gudan jinin da ake gudu yana nan. Ranar asibiti a zuba kwalbar man zafin cikin ledar magunguna, a ajiye wa likita duka a kan tebur.