Injin ba taya iska: ɗan bawul ɗin da ake mantawa da shi

Duk mai bin hanyar Birnin Konni zuwa Illela, ko ta Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa, ya san ƙarar injin masu faci. Ga tankin ƙarfe kwance, ga inji bisa kansa, can gefe mai shayi, kusa kuma mai sayar da fetur cikin kwalabe. Mun saba da shi har mun daina ganinsa abin tsoro. Alhali iskar da ke cikin tankin nan takan kai bar 8 zuwa 10, tunda tayar tirela sai da wajen bar 8 take tsayawa. A bar 10, wuri mai faɗin tafin hannu a jikin tankin yana ɗauke da nauyin kusan tan guda.

Tsakanin famfon da ke tura iska da tankin akwai wani ɗan bawul mai aiki ɗaya tak: ya bar iska ta shiga, ya hana ta komowa. Ba komai cikinsa sai ɗan faifai da sifirin. Ƙurar hunturu da ƙonannen mai da zafi su ne ajalinsa.

Idan ya daina rufewa, iska na komawa cikin famfo. Za ka ji huci bai tsaya ba bayan an kashe inji, allurar awo na sauka, in an zo tayarwa kuma inji ya yi ta gurnani, bel na zamewa, wani lokaci har motar lantarkin ta ƙone. Wannan asarar kuɗi ce, kuma tana ba da sanarwa.

Mafi muni shi ne ya toshe. Famfo na ta turawa, iska ba ta da wurin zuwa sai ɗan bututun da ke tsakani. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin bawul ɗin kariya da ke bisa tanki, wanda ke fitar da iska in ta yi yawa, yana ɗaya gefen ne, bai san abin da ke faruwa ba. Shi ya sa injin kirki yakan zo da wani bawul na kariya a kan famfon ko bututunsa.

Injiniyoyin manyan ma'aikatu, irin matatar mai ta SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, suna fama da wannan tambaya a babban mataki. Ƙa'idar API 521 ta cibiyar man fetur ta Amurka ta lissafa lalacewar wannan bawul cikin dalilan da ke sa matsi ya wuce kima, wato mai zana inji ya ɗauka cewa wata rana zai gaza, ya tanadi mafita tun kafin ranar. In masu kayan biliyoyi ba su yarda da shi shi kaɗai ba, ina ga injin kwance da ya tsallako iyaka ba takarda?

Saboda haka ɗan kasuwar da zai sayi irin wannan inji, don kansa ko don sayarwa, ya duba farantin da ke jikin tanki, inda aka buga iyakar matsin da yake ɗauka. Lambar bawul ɗin kariya kada ta wuce ta. Ya ja zoben bawul ɗin, ya ji iska ta fita kuma ya koma ya rufe. Wanda aka ɗaure da waya ko aka toshe da ƙusa don yana huci, a ganina bai cancanci ko taya farashi ba. Ya kwance magudanar ƙasan tanki: jan ruwa mai yawa alama ce tsatsa na cin ƙarfen daga ciki, kuma tankin da aka yi wa walda a gindi ya riga ya gama aiki.

Mai faci kuwa, in zai kwance bawul mai hana iska komowa don wankewa, ya fara sauke iskar tanki har allura ta koma sifiri, domin duk ƙarfin tankin a bayan wannan ɗan faifai yake.