Gano Sankarar Bakin Mahaifa Tun Kafin Ta Kama: Gwajin Gani da Ido da Na'urar Haske

Sankarar bakin mahaifa na daga cikin cututtukan da suka fi kashe mata a Nijeriya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan, kimanin 8,000 kuma suka rasu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'ar Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji bayanin yadda ake gano ta da wuri, ba tare da yanka ba.

Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta. Kafin ta zama sankara, fatar bakin mahaifa kan fara sauyawa a hankali, tsawon shekara 15 zuwa 20, ko ƙasa da haka ga mai raunin garkuwar jiki. A wannan lokaci mace ba ta jin ciwo, amma ana iya ganin sauyin idan an duba.

Yadda ake gwajin

Ma'aikaciyar lafiya za ta haska bakin mahaifa da fitila, ta shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, ta jira minti ɗaya. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Wani lokaci ana shafa ruwan aidin: fata mai lafiya ta yi duhu, mai matsala ta tsaya rawaya. Ana samun sakamako nan take.

Idan an ga abin da ake shakka, akan tura mace manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba da na'urar kolposkof. Likitan Jamus Hans Hinselmann ne ya ƙirƙiro ta a 1925. Madubi ce mai girmama abu, tana tsayawa a waje ba ta shiga jiki, koren haskenta kuma na fito da jijiyoyin jini fili. A 2019 masana a Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka sun nuna cewa kwamfuta ma na iya gane wurin da ya lalace daga hoto.

Sai dai gwajin ido ya dogara da ƙwarewar mai dubawa, kuma bai cika dacewa da matar da haila ta ɗauke mata ba. Shi ya sa tun 2021 hukumar ta fi son a fara da gwajin ƙwayar HPV inda ake da shi. Wurin da aka gano da wuri akan ƙona shi da na'urar zafi cikin mintuna kaɗan, mace ta koma gida ranar.

Kira ga jama'a

Mace mai shekara 30 zuwa sama, ko 25 idan tana ɗauke da cutar HIV, ta je asibiti mafi kusa ta tambayi inda ake gwajin. Wadda ke ganin jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar haila, kada ta jinkirta. Tun Oktoba 2023 kuma ana yi wa 'yan mata allurar rigakafin HPV kyauta.

Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai su isar da wannan saƙo, magidanta kuma su ba iyalinsu izini da kuɗin mota. Allah Ya ba mu lafiya, amin.