Sarewa a Fadamar Haɗejiya: Ƙira da Gyara da Adanawa

Sarewa tana ɗaya daga cikin tsofaffin kayan busa na ƙasar Hausa, har David Ames da Anthony King sun ambace ta cikin ƙamusunsu na kiɗan Hausa na shekarar 1971. A ƙasar Haɗejiya an fi jin ta a bakin makiyaya waɗanda kan gangaro fadama da shanunsu da rani, bayan ruwan kogi ya janye.

Akan yi sarewa da karan dawa, ko gora, ko itace. Maƙerinta yakan zaɓi wanda ya miƙe, ya bar shi ya bushe a inuwa, sa'an nan ya rarake cikinsa, ya huda ƙofofin yatsu, galibi huɗu, da jan ƙarfe daga wuta. Tsawon bututun shi ke yanke kaurin murya, watau doguwa ta fi gajeruwa kauri. Tazarar ƙofofin kuwa ita ke raba sautuka. To, da yake da yatsunsa da kunnensa yake awo, kowace tsohuwar sarewa tana ɗauke da ma'aunin wanda ya yi ta. Wannan ma'auni shi ne abin da ya fi cancantar a adana.

Yanayin fadama kuwa ba ya raga wa itace. Da damina yakan sha laima ya kumbura, hunturu ya zo ya busar da shi, sai ya tsage. Ga kuma gara da ƙwari. In tsagewa ta auku, akan cike ta da kakin zuma, a ɗaure wurin da zare, ko a naɗe shi da ɗanyar fata wadda za ta matse in ta bushe. Shafa ɗan mai yakan rage saurin bushewa. Amma duk mai gyaran da ya faɗaɗa ƙofa, ko ya datse bakin bututu, ya sauya muryar har abada.

Saboda haka kafin a taɓa tsohuwar sarewa ya kamata a auna tsawonta da ƙofofinta, a rubuta, a ɗauki muryarta daga bakin wanda ya iya busa ta. In aka ajiye itacen kawai mabusa suka shuɗe, an adana rabi ne, rabin ya salwanta.