Damuwar Mai Ciki Tana Isa Ga Ɗan Da Ke Cikinta

A unguwanninmu na zango, daga Nima zuwa Kumasi har Tamale, idan mace mai juna biyu ta daina fara'a, barci ya ƙaurace mata, tana kuka ba dalili, abin da muka saba cewa shi ne laulayi ne, zai wuce in ta haihu. Wani lokaci ma shagwaɓa muke kiransa. Ita kuma kunya ta hana ta buɗe baki, musamman in cikin fari ne. To, masana lafiya sun gano cewa sau da yawa wannan hali ciwo ne mai suna ciwon damuwa, kuma ba uwar kaɗai yake taɓawa ba, har da ƙwaƙwalwar ɗan da take ɗauke da shi.

Abin ba na Turawa ba ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kimanin mata 16 cikin 100 suna fama da irin wannan larura lokacin da suke da ciki, kusan 20 cikin 100 kuma bayan haihuwa. A nan Ghana, wani bincike da aka yi a yankin Kintampo kan masu ciki fiye da 20,000, wanda aka buga a 2014, ya sami kusan mace 1 cikin kowace 10 da ciwon damuwa.

Ta yaya damuwar uwa take kaiwa ga ɗa? Ƙwaƙwalwa tana fara ginuwa tun makonni huɗu na farkon ciki, kafin mata da yawa su san sun ɗauka, kuma ginin ba ya tsayawa har haihuwa da bayanta. Idan mutum ya shiga tashin hankali, jikinsa yana fitar da wani sinadari da ake kira kotisol. A cikin mabiyiya akwai abin da ke kashe ƙarfin yawancin wannan sinadari kafin ya shiga jinin ɗan tayi. Amma an lura cewa ga matan da suka daɗe cikin fargaba, wannan kariya tana raguwa. Ban da haka, macen da damuwa ta danne ba ta cin abinci yadda ya kamata, ba ta samun barci, takan kuma yi sakaci da zuwa awon ciki. Duk waɗannan suna komawa kan ɗan.

A birnin Biristol na Ingila an bi mata masu ciki kimanin 14,000 tun daga 1991 da 1992, tare da 'ya'yan da suka haifa. An ga cewa 'ya'yan matan da suka fi fargaba a watannin ƙarshe na ciki sun ninka sauran yara haɗarin samun matsalar ɗabi'a, kamar yawan tsoro da rashin natsuwa, a shekara 4. A Kanada kuma, bayan ruwan ƙanƙara ya katse wutar lantarki a lardin Kwibek cikin Janairun 1998, har wasu gidaje suka yi makonni cikin duhu da sanyi, yaran da suke ciki lokacin, waɗanda iyayensu suka fi shan wuya, sun ɗan yi baya wajen magana a shekara 2. A Singafo, a 2013, hoton ƙwaƙwalwar jarirai sabbin haihuwa ya nuna bambanci a sashen da ke kula da tsoro, tsakanin 'ya'yan masu damuwa da na sauran mata.

Kada wannan ya ƙara wa wata uwa fargaba. Masu binciken sun bayyana cewa yawancin waɗannan yara lafiya lau suka tashi. Haɗari ne yake ƙaruwa, ba hukunci aka yanke ba. Kuma ƙwaƙwalwar jariri, wadda nauyinta yake kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba ranar haihuwa, tana ci gaba da ginuwa da nono, goyo, wasa da hirar da ake yi masa.

Magani ma yana nan, ba mai tsada ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan an koya wa mata ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa zama da masu ciki suna tattaunawa da su, tare da jawo dangi su taimaka. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna cewa wata 6 bayan haihuwa, mata 23 cikin 100 ne ciwon bai sake su ba, alhali cikin waɗanda ba a yi musu hakan ba, 53 ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin domin sauran ƙasashe.

Mu ma muna da irin namu. Al'adar goyon ciki, inda yarinya take komawa gaban mahaifiyarta ta haihu, hutu ne da kwanciyar rai. Sai dai zaman birni, ɗaki ɗaya na haya, miji yana can wajen nema, dangi sun yi nisa, ya sa mata da yawa suna rainon ciki su kaɗai.

Saboda haka muna kira ga magidanta da surukai: in mai ciki ta kai mako 2 cikin baƙin ciki, ba ci, ba barci, ba ta jin daɗin komai, a raka ta asibiti, a faɗa wa ungozoma ko nas a wurin awo. In har ta fara cewa ta gaji da duniya, a kai ta a ranar. Kada ta sha wani magani, ko ta bar wanda likita ya ba ta, sai da shawararsa. A rage mata aiki, a daina yi mata tsawa, a zauna a saurare ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tarbiyyar ɗa kuwa tun yana ciki take farawa.