Ƙissar Mai Gudu Bisa Ƙanƙara Da Ya Zama Likitan Ƙashi

Ya ku malamai da attajirai, ku sani akwai ƙasashen da in hunturu ya kama ruwan tafki yakan daskare ya yi tauri kamar daɓe, har mutum ya yi tafiya a kansa. Mutanen can suna da wani takalmi wanda aka kafa wa ƙarfe siriri a tafinsa, kamar kaifin wuƙa. Da shi suke sulɓi bisa ƙanƙarar, har suna tsere a fili mai kewayen mita 400. To, in zafi ya zo ƙanƙara ta narke, sai 'yan tseren su koma hawan keke, domin cinyar da ke tura takalmin ita ce ke taka feda, kuma duka biyun a duƙe ake yinsu. Misalinsu kamar manomi ne, da damina yana gona, da rani ya fita cin rani.

Cikin masu wannan sana'a akwai wani Ba'amurke, Eric Heiden, wanda aka haifa a garin Madison a shekarar 1958. Ubansa likitan ƙashi ne. A watan Fabrairu na 1980 aka yi taron wasannin duniya na hunturu, watau Olamfik, a Lake Placid cikin jihar New York. Tseren maza iri biyar ne: mita 500, da 1,000, da 1,500, da 5,000, da 10,000. A bisa al'ada mai cin gajeren tsere ba shi cin dogo, gama na farko zafin nama yake bukata, na biyu kuwa numfashi da jimiri. Amma wannan saurayi, yana ɗan shekara 21, ya lashe duka biyar cikin kwana tara, ya karɓi lambar zinariya biyar. Na ƙarshen, kewaye 25 ke nan, ya gama shi cikin minti 14 da daƙiƙa 28, saurin da ba a taɓa gani ba kafinsa. Mai keken da ke kai kaya daga Gyadi-Gyadi zuwa kasuwar Tarauni ya ƙiyasta: ya zarce kilomita 40 a sa'a guda, ba doki, ba inji.

A cikin shekarar nan, alhali ƙarfinsa bai ragu ba, ya ajiye takalmin. Kamfanoni suka yi ta nemansa ya tallata hajarsu, ya ƙi akasarinsu. Ya shiga tseren keke tare da ƙungiyar 7-Eleven. A 1985 ya zama zakaran ƙwararrun masu keke na Amurka a Philadelphia, ya kuma kammala babban tseren ƙasar Italiya. A 1986 ya shiga na Faransa, wanda akan yi mako uku ana yi. A zango na 18 ya faɗi a gangaren dutse, kansa ya bugu, bai kai ƙarshe ba. Ƙanwarsa Beth ma haka ta haɗa biyun: a 1980 ta sami lambar tagulla bisa ƙanƙara, sa'an nan ta ci tseren keke na duniya na mata.

Duk wannan hidima bai saki karatu ba. Ya yi digirinsa na fari a jami'ar Stanford a 1984, ya sami shaidar likita a 1991, ya bi sawun ubansa a aikin ƙashi da gaɓoɓi. A 2002 ya zama likitan 'yan tseren ƙanƙara na Amurka a Olamfik, yana duba gwiwoyin waɗanda suka gaje shi.

Fa'idar da ke ciki ita ce, ƙarfin ƙafa jari ne mai wa'adi, faɗuwa ɗaya takan ƙarar da shi. Attajiri ya san ba a barin dukiya duka a haja mai lalacewa, akan juya ta tun kasuwa tana ci. Wanda yake da yaro mai son ƙwallo ko dambe ko tseren keke, kada ya hana shi, gama motsa jiki lafiya ne. Amma ya tsare masa lokacin karatu da koyon sana'a tun yanzu, ya kuma tambaye shi abin da zai ci da shi in ya kai shekara 40.